Mu Je Nunin Amfanin Gona, Mu Daɗe a Rumfar Dabbobi

Wurin karatu: Karin Magana 27:23-27



Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tsara ayyukan zumuntar matasa ya san yadda kalandar shekara take cika. Akwai makon matasa, babban taron gunduma, gasar waƙa, gasar haddar ayoyi, wasan ƙwallo, fita wa'azi ƙauyuka, da ziyarar asibiti da gidan yari. Duka suna da kyau, babu wanda muke so a cire. Roƙonmu shi ne a ƙara rana ɗaya: ranar da zumunta za ta ɗauki mota ta je bikin nunin amfanin gona da dabbobi. In an je kuma, kada a tsaya gaban taraktoci ana ɗaukar hoto da waya har rana ta faɗi. A wuce can baya inda ake jin warin kashin shanu, a daɗe a wurin, a yi tambaya.

Babban bikin na ƙasa ana yin sa a filin nuni da ke Tudun Wada, ƙaramar hukumar Karu a Jihar Nasarawa, kan hanyar Abuja zuwa Keffi, galibi bayan ɗaukewar damina. Jihohi sukan kafa rumfunansu, cibiyoyin bincike su kawo iri da magunguna, manoma da makiyaya su kawo abin da suka fi alfahari da shi. Wanda Karu ta yi wa nisa bai rasa ba, domin jihohi da wasu ƙananan hukumomi sukan shirya nasu lokacin kaka, wasu kuma su haɗa shi da Ranar Abinci ta Duniya, 16 ga Oktoba. Ƙaramin nuni na kusa da gida ma ya isa.

Dalilinmu ɗaya ne. Littafi Mai Tsarki ya ɗauki sanin dabba da kula da ita a matsayin amana daga Allah, amma da yawa cikin matasanmu sun taso ba su san dabba ba, sai dai a faranti ko a labarin tashin hankali. Rumfar dabbobi wuri ne da za a fara gyara wannan da ido, gama gani ya kori ji.

Abin da za mu tarar a can

Ga mai kallo daga nesa, saniya saniya ce. In aka matsa kusa sai a ga bambanci. Ga Bunaji, farar saniya mai baƙin hanci da baƙin bakin kunne, wadda ta fi kowace yawa a ƙasar nan. Ga Rahaji, ja mai dogayen ƙahoni da dogayen ƙafafu, gwanar tafiya mai nisa. Ga Bokoloji ta wajen Sakkwato, mai gajeren ƙaho da babban leɓe da jiki a murje. In an yi sa'a har Muturu za a gani, 'yar ƙaramar saniya marar tozo, wadda take jure cizon ƙudan tsando a wuraren da manyan shanu suke ramewa da sammore.

Haka tumaki. Balami shi ne babba, fari tas, mai faffaɗan kunne. Uda kamar an tsoma gabansa cikin rini, rabin gaba baƙi ko ja, rabin baya fari. Yankasa shi ne na ƙofar gidan kowa, fari mai ɗigon baƙi a ido da kunne. Ga kuma jar akuyar Sakkwato, wadda maƙwabtanmu na Nijar suke kira ta Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna a kasuwannin duniya tun zamanin da fatake suke ratsa Sahara da ita.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ta faɗo daga sama a haka. Allah ne ya halicci dabba, amma mutane ne suka yi ta zaɓe, tsara bayan tsara: wannan bijimi za a bari, wancan za a sayar, wannan karsana uwarta mai nono ce kada a rabu da ita. Littafin Farawa ya ba da labarin yadda Allah ya kawo dabbobi gaban Adamu don ya raɗa musu suna. Ba a raɗa wa abu suna sai an dube shi da kyau. Matashin da ya iya jera sunayen 'yan wasan ƙwallon Ingila goma sha ɗaya amma bai iya bambanta Uda da Balami ba, akwai wani gado na farko da ya kuɓuce masa.

Yadda alƙalin gasa yake dubawa

Mu tsaya mu kalli alƙalin gasa ko likitan dabbobi sa'ad da yake aikinsa. Ba ya tsayawa nesa ya ce wannan ya fi girma. Yakan buɗe bakin dabba ya ƙirga haƙora, domin haƙori ba ya ƙarya game da shekaru. Saniya da tunkiya da akuya ba su da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa, kuma manyan haƙora suna maye gurbin na nono bibbiyu. A tunkiya biyun farko sukan fito bayan ta shekara ɗaya, a saniya wajen shekara biyu. Yakan shafa bayan dabba da haƙarƙarinta ya ji ko nama ne ko kumburi. Yakan ja fatar ido ya duba cikinta, in ta yi fari fat ya san jini ya yi ƙaranci, sau da yawa saboda tsutsar ciki. Yakan ɗaga ƙafa ya duba kofato, ya duba hantsa, ya nemi kaska a ƙarƙashin wutsiya, sa'an nan ya sa a ja dabbar ta yi tafiya a gabansa.

Ana iya wanke rago da sabulu da safe, a ɗaura masa ƙyalle a wuya. Amma wankan safiya ɗaya ba ya ɓoye watanni shida na sakaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ragon da ya ci gasa, wani ne ya tashi da asuba kowace rana ya ba shi dusa da harawa, ya sauya masa ruwa, ya share turke, ya kai shi allura a kan lokaci, ya lura da shi ranar da ya ƙi cin abinci.

Wannan shi ne abin da wurin karatunmu yake koyarwa. Mai hikima ya gargaɗi mai garke ya san halin da dabbobinsa suke ciki sosai, ya sa hankalinsa a kansu, domin dukiya ba ta dawwama, sarauta ma ba ta tabbata ga zuriya har abada. Ya kuma lissafta abin da kula take haifarwa: sutura daga tumaki, kuɗin sayen gona daga bunsuraye, nonon awaki don ciyar da gida. Mu lura, wannan shawara tana cikin littafi ɗaya da koyarwa a kan tsoron Ubangiji. Marubucin bai ga wata katanga tsakanin biyun ba. A sura 12 ma ya sa kula da ran dabba cikin alamomin adali.

Saboda haka muna cewa rumfar dabbobi aji ce ta almajiranci. Matashin da ya fahimci cewa ba a ƙera rago mai kyau a mako ɗaya, zai fahimci cewa ba a ƙera halin Kirista a taron farkawa na kwana uku. Addu'ar kowace safiya, gaskiya a ƙaramin ciniki, riƙe alkawari sa'ad da ba mai gani, su ne dusa da harawar rai.

Kunyar da ba ta da tushe a Littafi

Akwai wata kunya da ta shiga tsakanin matasa. Wanda ya gama makaranta yana ganin riƙe igiyar akuya faɗuwa ce. Sai a shekara uku, huɗu, ana yawo da takardu daga ofis zuwa ofis, ana rubuta roƙon addu'a don buɗin aiki, alhali bayan gidansu akwai fili da tsohon ɗakin kaji da ba kowa. Muna addu'a tare da kowane mai neman aiki, kuma mun san zafin zaman jira. Amma wannan kunya ba daga Littafi Mai Tsarki ta fito ba.

Musa yana kiwon garken surukinsa Yetro ne sa'ad da ya ga kurmin da ke cin wuta. Dauda daga wurin tumaki aka kira shi don Sama'ila ya shafa masa mai. Iliya ya tarar da Elisha yana huɗa da shanu. Amos na Tekowa ya faɗa wa firist Amaziya da bakinsa cewa shi makiyayi ne mai kula da itatuwan ɓaure. Labarin haihuwar Mai Ceto kuma, makiyaya masu kwana a fili ne suka fara jin sa. Yakubu ya yi shekara ashirin a gidan Laban, rana tana dukansa, sanyin dare yana hana shi barci. Da ya sadu da Isuwa a hanyar dawowa, ya ƙi bin saurin tafiyar ɗan'uwansa, ya ce akwai dabbobi masu shayarwa, in aka kora su da ƙarfi ko da yini ɗaya ne za su mutu. Wannan magana ce ta mutumin da ya san aikinsa.

Iyayenmu a cikin bangaskiya ma sun san haka. A Filato, cikin ikilisiyar da yanzu ake kira COCIN, shirin Faith and Farm wanda Peter Batchelor ya fara ya haɗa bishara da koyar da noma da kiwo. ECWA tana da sashen raya karkara wanda aka san shi da abincin kaji. Makarantun Littafi Mai Tsarki da yawa sun horar da masu bishara da gona a gefen aji. Ba sabon abu muke kawowa ba.

A rumfar dabbobi ana samun lissafi da za a iya tafiya da shi gida. Akuya da tunkiya suna ɗaukar ciki wajen wata biyar. Saniya wajen wata tara. Alade wata uku da mako uku da kwana uku. Ƙwan kaza kwana 21. Wanda ya riƙe waɗannan zai iya zama da biro ya ga abin da akuya biyu za su iya zama cikin shekara uku, in Allah ya kiyaye su.

Ana kuma samun gargaɗi, kuma shi ya fi lissafin muhimmanci. Kiwo ba hanyar kuɗin dare ɗaya ba ce. Annobar kaji da likitoci suke kira Newcastle, wadda takan yi tsanani da hunturu, tana iya share kajin unguwa cikin 'yan kwanaki. Annobar awaki da tumaki da ake kira PPR haka take. Zazzaɓin aladu na Afirka ba shi da maganin warkarwa, tsabta da hana shige da fice ne kariyarsa, abin da duk mai kai alade kasuwar Katsit ta Kafanchan ya kamata ya sani. Amma akwai masu taimako. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar riga-kafin cututtuka da dama, har da na kaji da na awaki. Cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ita ta samar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown. Bushiya, annobar da ta taɓa karkashe shanun kakanninmu, a 2011 aka sanar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, ta hanyar riga-kafi da haƙurin shekaru masu yawa. A wurin nuni ma'aikatan irin waɗannan cibiyoyi suna zaune a rumfa suna jiran mai tambaya. A ofis sai an yi ta jeka-ka-dawo kafin a gan su.

Magana mai nauyi

Mun san abin da wasu suke faɗa a zuci tun daga farkon wannan rubutu. A Filato, Binuwai, kudancin Kaduna, Nasarawa, Taraba da Adamawa, akwai 'yan'uwa da ganin garken shanu yake tayar musu da ciwon da bai warke ba. Akwai waɗanda aka cinye gonarsu dab da girbi. Akwai waɗanda suka binne iyaye da 'ya'ya, waɗanda har yau ba su koma ƙauyensu ba. Ba mu da ikon ce wa kowa ya manta, kuma ba za mu tilasta wa mai makoki shiga motar ba.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki ɓarnar gona da wasa ba. A Fitowa 22:5 doka ta ce wanda ya saki dabbarsa ta ci gonar wani, zai biya daga mafi kyawun amfanin tasa gonar. Jinin mutum kuwa, tun daga Habila, Allah da kansa yake bin bahasinsa. Neman adalci daga hukuma haƙƙinmu ne, za mu kuma ci gaba da nema.

Amma akwai wata hasara ta biyu da ke bin ta farko a hankali, ita ce a taso da tsara guda da ba ta taɓa yin magana da makiyayi ba. Dattawanmu suna tuna lokacin da manomi yakan gayyaci mai shanu ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, a yi musayar hatsi da nono. Yau matashi yana iya kai shekara ashirin da biyar, duk abin da ya sani game da Bafulatani daga Facebook da WhatsApp ya samo shi. Haka ma yaron ruga, duk abin da ya sani game da mu jita-jita ce. Zuciyar da ba ta san fuskar kowa a ɗaya gefen ba, ƙiyayya ba ta shan wahalar shiga cikinta.

Filin nuni yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda za a tsaya kafaɗa da kafaɗa da rana tsaka, ba a gaban 'yan sanda ba, ba a zaman sulhu bayan an yi ɓarna ba. Dattijon da ya kawo bijiminsa gasa ya san sunan kowace saniya a garkensa, ya san uwarta da kakarta. Mu gaishe shi da ladabi: “Baba, sannu da ƙoƙari. Shekarunsa nawa? Me kuke ba shi da rani?” Zai amsa, domin ba mai kiwon da ba ya son a yaba dabbarsa. Wannan hira ba za ta dawo da wanda ya mutu ba, ba kuma za ta buɗe burtalin da aka toshe ko ta biya gonar da aka cinye ba. Abin da za ta yi shi ne ta hana mu ɗora laifin masu laifi a kan kowane mai sanda. Sa'ad da makiyayan Ibrahim da na Lutu suka yi faɗa a kan wurin kiwo, Ibrahim ne babba, amma shi ya fara zuwa da magana. Ubangijinmu da ya kira kansa makiyayi mai kyau, shi ne kuma ya umarce mu mu ƙaunaci maƙwabci har da maƙiyi. Da wuya mu ƙaunaci wanda ba mu taɓa gaisawa da shi ba.

Ga masu cewa ba shi da amfani

Wani zai ce irin waɗannan bukukuwa na manya ne, a zo da jiniya, a karanta jawabi, a yanka ƙyalle, a tafi. Akwai gaskiya a ciki. Gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo a 2024, kuma ƙaramin mai kiwo yana da haƙƙin tambaya yaushe amfaninta zai iso ƙofar gidansa. Amma ba don jawabi za mu je ba. In manya sun tashi da motocinsu, masu dabbobi da malaman gona suna nan, lokacin ne ma suke da sukunin magana.

Wani zai ce kuɗin mota ya yi yawa. Zumuntar da take iya tara kuɗin anko don babban taro, za ta iya tara kuɗin bas ɗaya. In bai yiwu duka su je ba, a aiki mutum biyar su dawo su ba da rahoto ranar taron zumunta.

Wani kuma zai ce wannan ba aikin ruhaniya ba ne. Sai mu tambaye shi abin da za a kawo gaban bagade ranar godiyar kaka in ba wanda ya noma, ba wanda ya yi kiwo. Annabi Malakai ya tsawata wa mutanen da suke kawo wa Allah makauniyar dabba da gurguwa da marar lafiya, ya ce su gwada kai wa gwamnansu irin wannan su gani ko zai karɓa. Mai son ba Allah mafi kyau, dole ya fara koyon yadda ake samar da mafi kyau.

Yadda za mu shirya

Kwamiti ya nemi ranar nunin da ya fi kusa ta wurin malamin gona ko ofishin gona na ƙaramar hukuma, ya sanar da fasto da dattawan ikilisiya tun da wuri. A tafi da safe a dawo kafin duhu, a bi shawarar manya game da lafiyar hanya. A roƙi dattijo ɗaya ko uwa ɗaya daga zumuntar mata, wadda ta daɗe tana kiwo, ta raka mu, domin za ta ga abin da idonmu zai tsallake.

Kowa ya riƙe littafi da biro. A tambayi abin da ake ciyar da dabba da rani sa'ad da ciyawa ta ƙare, da lokacin da ake yin kowace allura, da inda ake samun ta gaske, da cutar da ta fi yi wa mai dabbar hasara da yadda ya fita. Kada a taɓa dabbar mutum ko a ɗauke shi hoto sai da izininsa. Wanda yake da kaji ko aladu a gida ya wanke takalmansa ya sauya kaya kafin ya shiga wurinsu, domin cuta takan bi ƙafa.

In an dawo, kada abin ya tsaya a hotuna. Zumunta za ta iya haɗa kuɗi ta sayi akuya biyu ko uku ta ba 'yan'uwa marasa aiki, da yarjejeniya a rubuce cewa 'yar farko za ta koma hannun wani. A sa mutum ɗaya mai riƙon amana ya riƙa rubuta haihuwa da allura da mutuwa, a karanta a gaban kowa. Wasu dabbobin za su mutu, kada wannan ya sa a watse. Wanda aka same shi da aminci a kan akuya ɗaya, shi ne gobe za a iya danƙa wa baitulmalin ikilisiya.

Mu yi addu'a.

Ya Ubangiji Allah, mahaliccin mutum da dabba, mun gode maka don ƙasa da ruwan sama da garkunan da ka ba mu. Ka cire wa matasanmu kunyar aikin hannu, ka ba su haƙurin mai kiwo. Ka ta'azantar da waɗanda aka raba da gonakinsu da 'yan'uwansu, ka sa masu mulki su yi adalci. Ka tsare zukatanmu daga ƙiyayya, ka ba mu bakin gaisuwa ga maƙwabtanmu. Ka same mu da aminci a kan ƙaramin abin da ka sa a hannunmu. A cikin sunan Yesu Kristi muka roƙa. Amin.